Cinikin Biri a Sama: Kujerar Gaba daga Kano zuwa Guangzhou

A wani shagon takalma da ke kasuwar Ƙofar Wambai na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Mai shagon dattijo ne da ya haura sittin, kuma ya fi shekara ashirin yana zuwa ƙasar Sin sari. Ina zaune sai ga wani ɗan kamasho da samfurin takalmi sau-ciki. Alhaji ya karɓa, ya lanƙwasa shi har hanci ya taɓa dunduniya, ya sa farce ya bi bakin gam, ya shinshina cikinsa, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa yana duba ɗinki. Ya fi minti goma a kan takalmin da kuɗinsa bai kai cefanen gidansa na yini ɗaya ba. Daga ƙarshe ya miƙa wa yaron kayansa, ya ce, "Gam ɗin nan ba zai ga damina ba."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Ejan ɗinsa ne na tikiti. "Alhaji, an samu bizines ranar Talata." Ya tambayi kuɗi, aka faɗa masa, ya ce, "Madalla, a yanka." Ko minti biyu ba a yi ba ya sallama miliyoyin naira.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane irin jirgi ne za ka hau?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan matuƙin. "Malam, jirgi ai jirgi ne. An ce bizines ne."

Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai gurbinta, domin kayan a sama yake da gaske. Mutumin da ba ya karɓar dilar gwanjo don lambar da aka manna mata, sai ya san daga hannun wa ta fito, shi ne yake sayen kujerar jirgi don sunan da aka rubuta a tikiti. Ni kuwa a ganina kujerar gaba haja ce kamar kowace haja. Ana juya ta, a duba ɗinkinta, a taya, kuma akwai ranar da barinta ya fi sayenta riba.

Sunan kansa ma akwai abin dariya a cikinsa. Turawa sun laƙaba wa ɓangaren suna ajin 'yan kasuwa, amma duk wanda ya saba hawa jirgi daga Kano ya san ainihin 'yan kasuwar a baya suke zama: 'yan Kantin Kwari, 'yan Wambai, 'yan Sabon Gari, kowa da jakar samfur a ƙarƙashin ƙafa. Na gaba yawanci waɗanda ba daga aljihunsu kuɗin ya fito ba ne. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta hana jami'anta hawa faskila da kuɗin hukuma, ta bar wa manyansu bizines, a 2024 kuma aka dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga farkon Afrilu. Wanda baitulmali ke biya wa tikiti ba shi da dalilin yin lissafi. Wanda zai gutsuro kuɗin daga uwar jarinsa shi ne nake yi wa magana.

Na zaɓi hanyar Kano zuwa Guangzhou ne domin ita ce Gwanjar wannan zamani. Yadda kakanninmu suka bi ayari da jakuna zuwa Gwanja neman goro, hanyar da su Alhassan Ɗantata suka taka, haka jikokinsu suke bin jirgi zuwa birnin da ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, ɗaya a Afrilu zuwa Mayu, ɗaya a Oktoba zuwa Nuwamba. Babu jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ya dire can kai-tsaye, dole sai an ya da zango. Daga Kano zangunan huɗu ne: Adis Ababa da Ethiopian Airlines, Alƙahira da EgyptAir, Doha da Qatar Airways, Jidda da Saudia. Wanda ya yarda ya fara gangarawa kudu zai iya ƙara biyu, Santambul da Turkish Airlines daga Abuja ko Legas, sai Dubai da Emirates daga Legas.

Abin da zai ba mutum mamaki idan ya ɗauki taswira shi ne, zangunan nan huɗu kusan tsawonsu ɗaya. Ko ta ina ka bi, kilomita wajen dubu 11 ne, awa 14 zuwa 15 a sararin sama. Bambancin yana wajen yadda aka raba tafiyar. Ta Adis Ababa da Alƙahira, zangon farko gajere ne, awa huɗu da ɗoriya, na biyu kuma ya kai awa goma. Ta Jidda ma kusan haka ne, sai dai na biyun ya ɗan fi gajarta. Ta Doha kuwa an kusa raba ta biyu daidai: wajen kilomita 4,700 daga Kano, sannan 6,200 zuwa Guangzhou. Wannan ba ƙaramin zance ba ne ga mai neman barci. A kowane zango ana cinye awa ɗaya da rabi ko biyu wajen tashi da rabon abinci, a tashe ka kuma tun da sauran awa guda a sauka. Zangon awa goma yana bar maka barcin dare cikakke, zangon awa bakwai da rabi kuwa barcin da ya rage a cikinsa bai fi na tsakanin isha'i da tahajjud ba.

Barci kuwa shi ne ainihin abin da ake saye. Da aka fara wannan aji a ƙarshen shekarun 1970, kujera ce mai ɗan faɗi da abinci a faranti, shi ke nan. British Airways ce ta sauya wasan a shekarar 2000 da ta kawo kujerar da ke miƙewa ta zama gado. Daga nan kalmar bizines ta zama rumfa ɗaya da ta rufe kaya iri-iri. Akwai kujerar da kishingiɗa kawai take yi, irin ta ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya kamar Boeing 737. Akwai wadda take miƙewa amma a gangare, kana barci kana zamewa wajen ƙafa kamar wanda ya kwanta a kan tudun yashi. Akwai mai miƙewa sosai amma an jera ta biyu-biyu, na jikin taga sai ya tsallake maƙwabcinsa kafin ya je banɗaki. Akwai kuma wadda kowa da hanyarsa, ɗaya a dama, biyu a tsakiya, ɗaya a hagu. A saman su duka akwai mai ƙofa. Duk waɗannan sunansu ɗaya a tikiti, kuma sau da yawa kamfani ɗaya yana da uku daga cikinsu a lokaci guda.

Mu ɗauki Ethiopian, wadda 'yan kasuwar Kano suka fi sabawa da ita. Ajin gabanta sunansa Cloud Nine. Kamfanin ya fara tashi a 1946, yana zuwa Najeriya tun 1960, yana zuwa Sin tun 1973, lokacin da ko a mafarki ba a kawo cewa Bakano zai je can sarin takalma ba. Shi ne na farko a Afirka da ya karɓi Boeing 787 a 2012 da Airbus A350 a 2016. Ƙarfinsa a fili yake: yawan jirage, sanin fasinjan Afirka da kayansa, da juriya. A Maris 2017 da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titin jirgi, shi kaɗai ne cikin kamfanonin waje ya yarda ya koma sauka a Kaduna. Mutanen Arewa ba su manta ba. Yana kuma kai fasinja otal idan jiran zango ya yi tsawo, kuma tun 2019 yana da nasa otal ɗin, Skylight, kusa da filin Bole. Amma kujerunsa kala-kala ne. Yawancin A350-900 ɗinsa gado ne sosai, a jere biyu-biyu. Tsofaffin 787-8 sun zo da mai gangare. A Boeing 777 ɗinsa akwai jerin uku a tsakiya, wato mutum ya biya kuɗin manya a sa shi tsakanin ƙarti biyu. Sabon A350-1000 da ya karɓa a 2024 kuwa kowa da hanyarsa. Kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya, dare huɗu mabambanta.

EgyptAir tsohon hannu ne, asalinsa tun 1932, kuma Alƙahira ba baƙon gari ba ne ga Bakano mai zuwa asibiti ko kai ɗa Azhar. Ba ya raba giya a cikin jiragensa, abin da ke kwantar wa dattawa da yawa hankali. A nan ma sai an duba jirgin. Boeing 787-9 da ya fara karɓa a 2019 kujeru 30 ne a gaba, kowa da hanyarsa, masu kyau ƙwarai. Boeing 777 ɗinsa kuma tsohon tsari ne mai uku a tsakiya. Tsakanin Alƙahira da biranen Afirka yakan sa ƙaramin jirgi, inda kujerar gaba kishingiɗa ce kawai. Idan zangon farko da rana ne, wannan ba aibi ba ne, awa huɗu a zaune ba ta kashe kowa. Abin tambaya shi ne jirgin da zai ɗauke ka awa goman da ke gaba.

Qatar Airways ce amaryar wannan fage, kuma ba a banza ba. Ta fara zuwa Kano a Maris 2022, tana biyowa ta Abuja da Boeing 787 mai kujeru 22 a gaba. Kujerarta mai ƙofa, Qsuite, wadda ta fito a 2017, ita ce ma'aunin da sauran kamfanoni ke gwada kansu da shi, kuma Skytrax ta sha ba ta lambar gwarzon kamfanin jiragen sama na duniya, har da 2024 da 2025. Falon jiranta na Al Mourjan a filin Hamad yana da wurin wanka, wurin kwanciya da masallaci, abinci kuma sai ka ture. A cikin jirgi kai kake faɗin lokacin da za a kawo maka abinci, wanda babbar ni'ima ce ga mai azumi ko mai son ya fara barci. Sai dai akwai abubuwa uku da hoton talla ba ya faɗa. Na ɗaya, Qsuite tana cikin A350-1000 ne da wasu A350-900 da galibin 777, babu ita a 787-8. Kujerar 787-8 gado ce mai kyau, amma ba ta da ƙofa. Na biyu, tikitin bizines ɗinta mafi araha, wanda take kira Lite, bai haɗa da shiga falon ba, bai kuma haɗa da zaɓen kujera tun da wuri ba. Ejan da ya ce maka "an samu mai sauƙi" ya kamata ya gaya maka abin da aka cire. Na uku, ratsawa ta wani gari kafin a kama hanya tana ƙara sa'o'i a tafiyar da dama can doguwa ce.

Saudia kuma tata fa'idar daban ce. Babu giya, ana karanta addu'ar tafiya kafin tashi, kuma a manyan jiragenta da dama an keɓe wurin salla. Wanda ya taɓa neman inda zai yi sujada a tsakanin keken abinci da ƙofar banɗaki ya san darajar wannan. Tun 2023 kuma Saudiyya ta fito da bizar ratse ta awa 96 ga fasinjan da ya cika sharuɗɗanta, wadda za a iya yin umara da ita. Ga ɗan kasuwar da zai haɗa ibada da fatauci a tikiti ɗaya, babu ƙofar kujerar da za ta kai wannan. Abin lura kawai shi ne lokacin aikin hajji da umarar azumi, lokacin da hanyar Kano zuwa Jidda ke cika maƙil, kuɗi ya hau, kujera ta yi wuya.

Emirates da Turkish suna da suna, kuma sun ci sunansu. Abincin Turkish da falonta na sabon filin Santambul abin a yaba ne, haka hidimar Emirates. Amma ga Bakano lissafin yana farawa ne tun daga Kano. Turkish ta taɓa zuwa nan ta daina. Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, ta dawo Legas ranar 1 ga Oktoba 2024. Ke nan sai ka sayi tikitin cikin gida daban, wanda kilon kayansa bai kai na waje ba, ka biya kuɗin ƙari a sikeli, wataƙila ka kwana a otal. Idan hazon hunturu ya hana jirgin Kano tashi, kamfanin waje ba ruwansa, domin ba shi ya sayar maka da wancan tikitin ba. Ka biya kuɗin hutu, amma ka fara da yini guda na wahala. Ban da haka, tsofaffin 777 na kamfanonin biyu su ma jerin uku ne a tsakiya, ko da yake Emirates ta fara sauya nata tun 2024.

To, in aka tambaye ni wanne ya fi, amsata ita ce tambayar ba ta cika ba. Ya fi wa wa? Mai neman jin daɗi tsantsa, wanda kuɗin bai dame shi ba, Doha ce hanyarsa. Mai son barci mai tsawo a zango ɗaya, da saurin samun wani jirgin in nasa ya kuɓuce, ya duba Adis Ababa, amma ya tambayi irin jirgin. Wanda ƙamshin giya daga kujerar maƙwabci zai hana shi sukuni, ga Jidda da Alƙahira. Lambar yabon da ake bai wa kamfani ana ba shi ne bisa mafi kyawun jiragensa, kai kuwa jirgi ɗaya za ka hau, a rana ɗaya, kuma babu tabbacin shi ne aka ɗauki hotonsa. Na taɓa gani da idona: wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya sauya jirgi ana saura 'yan sa'o'i a tashi, abokin tafiyata da ya biya kuɗin gado ya kwana a kishingiɗe. Da ya yi ƙorafi aka nuna masa sharuɗɗan tikiti, inda aka rubuta cewa ajin aka sayar masa, ba a yi masa alkawarin irin jirgi ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai maganar kaya, wadda ita ce hujjar da 'yan kasuwa suka fi kawowa. A galibin waɗannan hanyoyi mai tikitin baya yana da jaka biyu masu kilo 23, na gaba kuma biyu masu kilo 32. Bambancin kilo 18 ne. Duk wanda ya san kuɗin kilo a wajen masu kago na Guangzhou ya san kilo 18 ba zai taɓa biyan ratar da ke tsakanin tikitin biyu ba, ratar da sau da yawa takan kai ninki uku ko huɗu. Hajar gaske a kwantena take zuwa ta ruwa, abin da ke cikin jaka samfur ne da tsaraba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan jaka ta ɓata, diyyar da Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfani tana da iyaka, wajen dala dubu biyu ga kowane fasinja bayan ƙarin da aka yi a Disamba 2024, kuma iyakar ɗaya ce ga na gaba da na baya. Alamar da ake manna wa jakar manya tana sa ta riga fitowa ne kawai. Wanda ya zuba kayan miliyoyi a jaka, sai dai ya bayyana ƙimarsu tun a wajen awo ya biya ƙari, ko ya yi musu inshora.

Inda kujerar gaba take iya biyan kuɗinta da gaske shi ne wajen lokaci da lafiya. Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai. Baje kolin Canton zango uku ne, kowanne kwana biyar, takalma da jakunkuna da tufafi suna zango na uku. Wanda ya sauka a filin Baiyun da kumburarriyar ƙafa da kai mai nauyi, ya shiga otal a unguwar Xiaobei ya kwana ya yini yana ramuwar barci, ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya kawo shi. Mafi muni shi ne wanda ya daure ya fita a gajiye, ya zauna gaban mai masana'anta da tafinta, ya amince da farashin da ba zai amince da shi ba da idonsa biyu. Kuskuren yuwan ɗaya a kan kowane takalmi, a kwantenar da ta ɗauki dubbai, ya isa ya haɗiye ratar tikitin. Ga dattijo mai ciwon baya, ko mai ciwon suga, ko wanda likita ya gargaɗe shi kan daskarewar jini a jijiyar ƙafa saboda dogon zama, miƙe ƙafa magani ne. A nan ma irin jirgin yana da tasiri: 787 da A350 suna riƙe iskar ciki kamar mutum yana tudu mai ƙafa dubu shida, tsofaffin jirage kuwa kamar dubu takwas, shi ya sa ake sauka daga sababbin da sauran ƙarfi a jiki.

Amma matashin da ya haɗa jarinsa da adashe da rancen ɗan'uwa, wanda zai iya barci ko a kan buhun robobi, me ya kai shi? Ratar tikitin nan dila nawa ce ta gwanjo? Katan nawa ne na silifa? Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma tikitin waje da dala ake lissafa shi ko da da naira aka biya. Kowa ya je kasuwar canji ta Wapa ya san wannan karatun. Shi kansa sunan Wapa daga kamfanin jigilar alhazai ya samo asali, wanda attajiran Kano suka kafa a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da ake tafiya Makka a bayan babbar mota ta Sudan ana kwana a hanya makonni. Jikokin waɗancan mutane ba za su narke don sun zauna awa goma a kujera mai soso ba. Abin da nake tsoro shi ne kujerar gaba ta zama kamar babbar rigar biki, a saya don hoton da za a ɗora a WhatsApp, kofin lemo a hannu, a dawo ana bin mutum bashin kuɗin kilaya.

Tsakanin saye da bari kuma akwai dabarun da ɗan kasuwa ya fi kowa cancantar sani. Tafiya ita ce mai buƙatar barci, domin aiki na jira. Dawowa gida ake yi, ana iya hutawa, don haka ana iya yankar gaba a tafiya, baya a dawowa. Kamfanoni da yawa suna sayar da kujerun gaban da suka rage da rangwame idan tashi ya matso, wasu ma taye suke karɓa ta intanet, kamar gwanjon gaske. Sannan ga maki. Na san mutanen da suke zuwa Sin sau uku sau huɗu a shekara, ba su taɓa buɗe lambar tara maki ba, ko kuwa sun bar wa ejan ya yi yadda ya ga dama. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙungiyar Star Alliance ne, tare da Air China da Shenzhen Airlines da ake hawa a cikin Sin. Ana iya zuba makin dukansu a asusu ɗaya, ShebaMiles na Ethiopian alal misali. Wanda ya kai matakin zinare yana shiga falon jira, ana ƙara masa kaya, yana riga shiga jirgi, ko da tikitin baya ne a hannunsa. Rabin abin da ake biyan miliyoyi dominsa ke nan, a kyauta, ladan tafiyar da dama zai yi ta. Qatar tana ƙungiyar oneworld, Saudia tana SkyTeam, don haka mai tsalle daga wannan zuwa wancan saboda rangwamen 'yan dubbai yana watsa hatsinsa ne a rumbuna uku, babu wanda zai cika.

Akwai kuma ranar matsala, wadda ba a sa ta a talla. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya rufe sararin samaniyar da jiragen gabas suka saba ratsawa. A Yuni 2025 Ƙatar ta rufe nata sararin na wasu sa'o'i lokacin da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka da ke can. A irin wannan rana ake gane amfanin tikitin gaba na gaskiya: layinka daban, ana riga sauya maka jirgi, kana da wurin zama da caji da abinci yayin da jama'a ke kwance a ƙasa. Amma wannan ma ya danganta da irin tikitin. Mai araha a cikin na gaban yakan zo da tara mai nauyi in za a ɗaga rana, ɗan kasuwa kuwa bai cika dawowa ranar da ya sa ba, domin masana'anta ba ta cika gama kaya ranar da ta ce ba. Tambayar "nawa ne in zan ɗaga?" ta fi tambayar "me ake ci a ciki?" muhimmanci nesa ba kusa ba.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan wani abin takaici, wato ƙarancin zaɓi. Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma tun 1936 jiragen fasinja ke zuwa. Lokacin da jirage ba sa iya ketare Sahara su wuce kudu ba tare da shan mai ba, nan ne zangon kowa. KLM ta yi sama da shekara sittin tana haɗa Kano da Amsterdam, daga 1947 har ta janye a 2012. Bayan annobar korona an buɗe Legas da Abuja ga jiragen waje a Satumba 2020, Kano kuwa sai Afrilu 2021. Inda masu sayarwa suka yi kaɗan, mai saye ba ya taya da ƙarfi, kowane ɗan Wambai ya san haka. An ga misali a Maris 2024 da Air Peace ta fara Legas zuwa Landan, nan da nan kamfanonin waje suka sassauto da farashi. Kano ta yi Kabo da Max Air da Azman, duk sun san hanyar Jidda kamar tafin hannunsu. Ranar da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Wambai da Singa za su haɗa kai su ƙidaya kujerun da suke saye a shekara, su je wa kamfanonin da adadin a hannu kamar yadda suke zuwa wa masana'anta, ranar za su daina karɓar jirgin da aka ga damar turo musu.

Kafin nan, abin da ke hannun mutum ɗaya tambaya ce. Na faɗa wa Alhaji wasu daga cikin waɗannan maganganu a ranar, yana saurare yana jan carbi, yaransa suna sauke katan-katan daga kura. Bai ce na yi gaskiya ba, dattawan kasuwa ba sa faɗin haka. Sai da na miƙe zan tafi ya ɗauki waya ya kira ejan ɗin, ya sa ta a amsa-kuwwa.

"Kai, kada ka yanka tukuna. Daga zangon zuwa can, wane jirgi ne? Kujerar kwanciya take yi ko kishingiɗa? Kuma in zan ɗaga rana nawa za su ci?"

Aka yi shiru a ɗaya ɓangaren, har na ɗauka layin ya yanke. Can sai muryar ta dawo, a sanyaye.

"Alhaji, bari in duba. Wallahi ba a taɓa tambayata ba."